Aminci Ko Sauƙi: Wace Emuleta Ta Dace da Tsofaffin Gem na Hannu?

A watan Afrilun 1989 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da Game Boy, 'yar na'urar gem da ake riƙewa a hannu, mai cin batir huɗu, allonta babu launi sai inuwa huɗu a kan kore. Ita da ƙanwarta Game Boy Color ta 1998 an sayar da fiye da miliyan 118. Game Boy Advance ta 2001 ta haura miliyan 81, Nintendo DS ta 2004 kuwa ta wuce miliyan 154. A ƙarshen wannan shekarar Sony ma ya shigo fagen da PSP. Yaran da suka taso da waɗannan na'urori yau iyaye ne, su kuma na'urorin tsufa ya cim musu. Allo ya dushe, maɓallai sun saki, ɗan batirin da ke cikin kaset mai riƙe ajiyar wasa ya mutu, kamfanonin kuma sun daɗe da daina ƙera su.

Shi ya sa mai son komawa ga Tetris ko Pokémon ko Zelda na wancan zamani yakan nufi kwamfuta, ya nemi manhajar kwaikwayo, wadda aka fi sani da emuleta. Da ya fara tambaya sai ya tarar da jama'a sun rabu biyu. Wasu za su ce masa ya ɗauki duk wadda ta buɗe gem ɗin ba tare da wahala ba, ya ci gaba da wasansa. Wasu za su ce kada ya kuskura, ya nemi wadda ta fi bin sawun na'urar asali ko da za ta ɗan ba shi aiki. Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi, kuma ya kamata a saurare su duka kafin a yanke hukunci.

Aikin da emuleta ke yi

Gem ɗin da ke cikin kaset jerin umarni ne da aka rubuta wa wata ƙwaƙwalwa takamaimai. Ta Game Boy kamfanin Sharp ne ya ƙera ta, tana bugawa sau miliyan 4.19 a daƙiƙa. Ta Game Boy Advance ƙirar ARM ce, bugunta miliyan 16.78. Kwamfutarka ba ta jin waɗannan umarni. Emuleta ce ke shiga tsakani, ta karɓi kowane umarni, ta lissafa abin da na'urar asali za ta yi da shi, ta zana hoto, ta fitar da sauti.

Wahalar tana wajen lokaci. A cikin Game Boy abubuwa da yawa ke tafiya tare: ƙwaƙwalwa tana lissafi, sashen hoto yana zana allo layi bayan layi har layi 144, sashen sauti yana nasa, kuma ana sabunta hoton kusan sau 59.7 a kowace daƙiƙa. Mai rubuta emuleta dole ya zaɓi zurfin da zai kai wajen kwaikwayon wannan tafiya. Kamar teloli biyu ne aka bai wa tsohuwar babbar riga aka ce su ɗinka irinta. Ɗaya ya dube ta daga waje ya yanka yadi. Ɗayan ya juya cikinta, ya bi ɗinki, ya auna kowace haɗa. A rataye rigunan biyu iri ɗaya ne, sai an saka an ɗaga hannu sannan a ga wadda ke ja a hammata.

Emuletocin farko daga waje suka duba, kuma ba laifinsu ba ne. Marat Fayzullin ya fitar da Virtual GameBoy a 1995, Martin Korth ya biyo da no$gmb a 1997. A lokacin kamfanin bai buɗe wa kowa sirrin na'urarsa ba, kwamfutoci kuma ba su da ƙarfi. A farkon shekarun 2000 VisualBoyAdvance ta bayyana ta mamaye duniya, har mutane da yawa suka ɗauka ita kaɗai ce hanyar buga gem ɗin Game Boy a kwamfuta. Mai ita na farko ya bar aikin a 2004, daga baya wasu suka ci gaba da shi da sunan VBA-M. Sai wani sabon zubi ya taso na masu juya cikin riga: Gambatte, BGB, SameBoy ta Lior Halphon, da mGBA wadda Vicki Pfau ta fara a 2013. Tsakanin tsohon zubi da sabo muhawarar take.

Hujjar masu neman sauƙi

Farkon abin da suke cewa shi ne, an yi gem ne don a buga. Mutumin da ya dawo daga aiki a gajiye yana son rabin sa'a da Super Mario, bai zo jarrabawar injiniya ba. Fitattun gem ɗin da yawancin mutane ke nema suna tashi a tsohuwar VisualBoyAdvance, miliyoyin mutane sun buga su a kanta har ƙarshe. Idan wani kuskure yana can a cikin gem ɗin da ko sunansa ba ka taɓa ji ba, me ya dame ka? Da tsohuwar zuma ake magani, in ji su, abin da hannu ya saba da shi ya fi wanda za a zauna koyo.

Hujja ta biyu ita ce ƙarfin kwamfuta. Bin diddigin kowane bugu na na'ura yana cin lissafi. A 2011 marubucin emuletar bsnes, wanda aka sani da byuu, ya yi bayani a mujallar Ars Technica cewa kwaikwayon Super Nintendo yadda ya kamata yana buƙatar kwamfuta mai gudun gigahaz 3, alhali ita na'urar ta 1990 ce. Daga nan maganar ta zauna a zukatan mutane cewa aminci na masu babbar kwamfuta ne. Wannan hujja tana da nauyi a wajenmu, inda mutane da yawa laftof ta hannu suke amfani da ita, batirinta ya raunana, wuta kuma ba kullum ba. Gem mai tafiya da ɗan kuskure ya fi gem mai cijewa, sauti yana karkarwa, fanka tana kuka.

Ta uku, sun ce ita kanta na'urar asalin ba cikakkiya ba ce. Game Boy Advance ta farko ba ta da fitila a allonta. Wanda ya buga Castlevania: Circle of the Moon a 2001 ya san yadda ake karkata na'urar ana neman haske don a ga abin da ke gaba. Nintendo da kansa ya gyara wannan a 2003 da ya fito da samfurin SP mai fitila. To don me za a mayar da aibin da mai kaya ya gyara ya zama abin kiyayewa? Haka batun ajiya. Wasu tsofaffin gem ba sa barin ka ajiye sai ka kai wani wuri, wasu kalmar sirri suke bayarwa ka rubuta a takarda. Emuleta tana ba ka damar daskarar da wasa a duk inda kake ka dawo gobe, ko ka mayar da shi baya idan ka faɗa rami, ko ka ƙara masa gudu a wuraren maimaici. Da Nintendo ya saka gem ɗin Game Boy da Game Boy Advance a tsarinsa na Switch Online a watan Fabrairun 2023, shi ma ya haɗa da ajiyar nan-take da mayarwa baya.

Babbar shaidarsu ita ce PPSSPP, emuletar PSP da Henrik Rydgård ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 2012. Ba ta bin kowane bugu na na'urar. Idan gem ya nemi wani aiki daga tsarin PSP, sai ta yi masa aikin ta hanyarta, shi ya sa ba ta buƙatar manhajar Sony kafin ta tashi. Allon PSP ɗigo 480 ne a kwance da 272 a tsaye, amma PPSSPP tana iya zana hoton ninki biyu ko huɗu ko fiye, har God of War: Chains of Olympus ya fito tas fiye da yadda ya taɓa fitowa a hannun kowa. Matasanmu da yawa ta ita suka san emuleta, suna buga ƙwallo a waya. Masu neman sauƙi sai su ce, ga manhajar da ta zaɓi gudu da kyau, kuma babu wadda ta kama ƙafarta a fagenta.

Akwai kuma wata 'yar hujja ta ƙarshe. Masu sha'awa sun yi shekaru suna gyara tsofaffin gem, suna canja labari da taswira, kuma da yawansu a kan VisualBoyAdvance suka gwada aikinsu. Wasu daga cikin waɗannan gyare-gyare sun jingina da kurakuranta ba da sani ba, har ba sa tafiya daidai a na'urar gaske ko a emuleta mai tsanani. Mai son irin waɗannan yana da dalilin riƙe tsohuwar.

Hujjar masu kishin asali

Su kuma suna farawa ne da cewa kuskuren emuleta ba ya sallama. Yakan ɓuya sai ka yi nisa. Kaset ɗin Game Boy Advance ba iri ɗaya suke ajiya ba, akwai hanyoyi daban-daban da girma daban-daban. Pokémon FireRed da LeafGreen da Emerald suna buƙatar ma'ajiya mai kilobait 128. A tsohuwar VisualBoyAdvance, idan ba ka shiga saiti ka zaɓi wannan girma da hannunka ba, gem ɗin zai yi ƙorafi ko ajiyar ta lalace. Mutane da yawa sun yi biris da gargaɗin suna dogaro da ajiyar nan-take, suka yi kwanaki suna wasa, sai da suka ci gasar ƙarshe, inda gem ɗin ke ajiyewa da kansa ya sake tashi, sannan suka tarar babu abin ci gaba. Haka agogon da ke cikin kaset ɗin Ruby da Sapphire da Emerald: idan ba a kunna shi a saiti ba, gem ɗin zai ce batirin ciki ya ƙare, 'ya'yan itacen da ka shuka su daina girma. mGBA tana gane waɗannan da kanta. Saboda haka, in ji su, wadda ake kira mai sauƙi ita ce ma ta fi ba da wahala.

Sai hujja ta biyu, wadda ta fi zurfi. Masu rubuta gem na wancan lokaci sun san halin na'urarsu ciki da bai, kuma sun yi amfani da shi. A 2004 Nintendo ya sake fitar da tsofaffin gem ɗinsa a kaset ɗin Game Boy Advance da sunan Classic NES Series, ya dasa musu tarkon kama emuleta. Ƙwaƙwalwar ARM tana ɗauko umarni tun kafin lokacin aikinsa ya zo, tana riƙe da na gaba yayin da take aiwatar da na yanzu. Sai gem ɗin ya canja wani umarni da ƙwaƙwalwar ta riga ta ɗauko. A na'urar gaske tsohon umarnin ne zai gudana, domin yana hannu tun kafin a canja. A emuletar da ba ta kwaikwayi wannan ɗabi'a ba, sabon ne zai gudana, gem ɗin ya gane inda yake ya ƙi tashi. Vicki Pfau ta warware waɗannan tarkuna ɗaya bayan ɗaya ta bayyana su a 2014.

Wani lokacin ma ba tarko ba ne, kuskuren masu gem ɗin ne da na'urar ta rufa wa asiri. Akwai wani gem na Hello Kitty da aka yi wa kasuwar Japan, wanda ya yi shekaru yana maƙalewa a emuletoci tun daga farawa. Ashe yana karanta wani gurbi ne da babu komai a ciki, ya yi ta zagaye a wuri ɗaya. A na'urar gaske, wani sashe mai kwasar bayanai yakan gifta a daidai lokacin ya bar wata lamba a hanya, gem ɗin ya tsince ta ya kuɓuta. Sai a 2020 aka bayyana maganin. Masu kishin asali sukan ce, gaskiya ne mutane kaɗan ne za su nemi wannan gem, amma gyaran da aka yi dominsa ya ƙara wa emuletar daidaito a kan duk sauran.

Hatta allon yana cikin lissafi. Allon Game Boy yana da nauyin jiki, hoto ba ya gushewa nan take. Masu gem suka mayar da wannan dabara: su riƙa kunna abu suna kashewa da sauri, allon ya gauraya su, ido ya ga abu shara-shara kamar hayaƙi ko ruwa. Gem ɗin harbi na ZAS da ya fito a 1992 ya gina bayan fagensa a kan wannan. A allon kwamfuta mai saurin amsawa, idan emuleta ba ta gauraya hotunan ba, abin da za ka gani ƙyaftawa ce mai sa ciwon kai. Launi ma haka. Saboda rashin fitila, masu gem ɗin Game Boy Advance sun riƙa ƙara wa launuka ƙarfi don su fito. A allon zamani sai su yi kau, fiye da yadda mai zanen ya nufa. SameBoy da mGBA suna da hanyoyin gauraya hoto da daidaita launi don magance wannan.

Na uku, wasu kaset ɗin suna ɗauke da kayan aiki a cikinsu. Boktai, wanda Konami ya fitar a 2003 ƙarƙashin Hideo Kojima, yana da ma'aunin hasken rana a jikin kaset. Sai ka fita waje bindigar jarumin take samun caji. WarioWare: Twisted! yana jin juyawar hannu, Kirby Tilt 'n' Tumble yana jin karkatawa, Drill Dozer yana girgiza. Sannan ga wayar haɗa na'ura biyu, wadda ba don ita ba da Pokémon bai zama abin da ya zama ba, domin tun fitowarsa a 1996 akwai halittun da ba sa rikiɗa sai an yi musayarsu, irin su Kadabra da Haunter. mGBA tana ba ka damar ƙara hasken rana ko rage shi, ka karkata da hannun gem, ka buɗe taga biyu ka haɗa su kamar da waya. A tsohuwar emuleta sai an yi wa Boktai faci kafin ya bugu.

Hujjarsu ta ƙarshe ta wuce jin daɗin mutum ɗaya. A 2023 gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar da binciken da ya nuna kashi 87 cikin 100 na gem ɗin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin. A watan Maris na shekarar Nintendo ya rufe kantinsa na intanet na 3DS da Wii U, inda ake samun tsofaffin gem ɗin hannu da yawa. Wata rana Game Boy ta ƙarshe za ta daina tashi. Daga ranar, abin da emuleta ta nuna shi ne duniya za ta ɗauka a matsayin gem ɗin. Shi ya sa masu wannan aiki suke rubuta ƙananan manhajojin gwaji, irin na blargg da na Mooneye, su gudanar da su a na'urar gaske, su gudanar a emuleta, su kwatanta. Shi ya sa kuma masu gasar kammala Pokémon Red da sauri suka amince da wani samfuri na Gambatte, suka ƙi VisualBoyAdvance, domin a wajensu daƙiƙa ɗaya tana raba na ɗaya da na biyu.

A ɗora su a sikeli

Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke karewa ba. Masu neman sauƙi suna magana ne a kan abin da ke tsakanin ɗan wasa da gem: haske, girman hoto, ajiya, gudu. Masu kishin asali suna magana ne a kan abin da ke tsakanin gem da na'ura: lokaci, ma'ajiya, halin ƙwaƙwalwa. Na farkon zaɓi ne, kana iya kunnawa ka kashe. Na biyun ba ka da hannu a ciki. Idan emuleta ta yi kuskure a lissafin lokaci, babu maɓallin da za ka danna ka gyara, sau da yawa ma ba za ka san an yi ba. Emuleta mai aminci ana iya ɗora mata duk kayan sauƙi, kuma an ɗora: mGBA da SameBoy duk suna da ajiyar nan-take, da mayarwa baya, da ƙara gudu. Amma marar aminci ba ka da yadda za ka ƙara mata daidaito daga kujerarka.

Hujjar ƙarfin kwamfuta gaskiya ce a zamaninta, kuma har yanzu gaskiya ce a wasu na'urori. Sai dai a kan Game Boy da Game Boy Advance lokaci ya wuce da ita. An gina mGBA ne da niyyar haɗa gudu da daidaito, har tana tafiya a kan Wii da PlayStation Vita da 3DS, waɗanda duk ba su kai laftof ɗin ofis ƙarfi ba. Kwamfutar da ke iya buɗe bidiyo a intanet ba za ta gaza ɗaukar ta ba. A nan masu riƙe da tsohuwar VisualBoyAdvance sabo ne ya riƙe su, hujjar ta riga ta kuɓuce.

A DS da PSP kuwa masu neman sauƙi suna da ƙafar tsayawa. Waɗannan na'urori suna zana hoto mai zurfi uku, kuma ƙwaƙwalwar PSP tana kaiwa bugu miliyan 333. Bin su bugu-bugu zai yi wa ƙaramar kwamfuta nauyi, ribar kuma kaɗan ce. Hanyar PPSSPP ita ce daidai a wurin, kuma ɗaukaka hoton riba ce ta gaske. A DS akwai tsohuwar DeSmuME da sabuwar melonDS. Ta biyun ta fi kula da daidaito da haɗa 'yan wasa, amma idan kwamfutarka ta fi jin daɗin ta farkon a wani gem, babu aibi ka bi ta.

Masu kishin asali su ma suna da inda suke wuce gona da iri. Wanda ke buga Game Boy da allon inci goma sha biyar da madannan kwamfuta ya riga ya bar asali, komai daidaiton emuletarsa. Akwai emuletoci irin NanoBoyAdvance da suka zurfafa a bin kowane bugu, aikinsu abin yabo ne, amma ba dole ne kowane ɗan wasa ya fara da su ba. Raina wanda ya yi ajiyar nan-take kuma ba ya ƙara wa tarihi komai, sai dai ya kori sababbin shiga. Abin da zan karɓa daga gare su a wannan gaɓa shi ne shawara: gem ɗin da ka fara bugawa karon farko, ka ba shi dama a gudunsa na asali. Masu shi sun auna wahalarsa da gangan, kuma daɗin cin wani mataki yana tare da faɗuwar da aka sha kafinsa.

Gida ɗaya ko kowa da nasa

Akwai wata tambaya da ke biyo baya: a sauke emuleta ɗaya-ɗaya, ko a ɗauki RetroArch? Ita RetroArch ba emuleta ba ce a karan kanta. Manhaja ce da ke tara injinan emuletoci da yawa wuri ɗaya, har da na mGBA da Gambatte da SameBoy. Amfaninta a fili yake. Sau ɗaya za ka saita hannun gem, tana da matatun hoto masu kwaikwayon tsohon allo, tana da dabarar rage jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin hoto. Illarta ita ce jerin saitinta yana da yawa har yakan rikita sabon shiga, injinan cikinta wani lokaci suna baya da na asali, wasu abubuwan kuma, kamar haɗa taga biyu don musaya, sun fi sauƙi a emuleta mai zaman kanta. Mai na'ura ɗaya ko biyu a ransa ya ɗauki mai zaman kanta. Mai son tara Game Gear da Neo Geo Pocket da WonderSwan da sauransu wuri guda, RetroArch za ta biya shi wahalar koyonta.

Haƙƙin mai kaya

Ba a rufe wannan magana ba tare da batun haƙƙi ba. Emuleta daban, gem daban. A shekarar 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya a kan Sony, ta ce binciken na'ura don ƙera abin da zai yi aiki irin nata bai saɓa doka ba. Amma gem ɗin kansa dukiyar masu shi ce. A 2018 masu shafin LoveROMs sun amince da hukuncin biyan Nintendo fiye da dala miliyan 12 saboda rarraba gem. A 2024 masu emuletar Yuzu ta Switch sun amince su biya dala miliyan 2.4 suka rufe, Citra ta 3DS ta tafi tare da ita. Hanya mai tsabta ita ce mutum ya kwafi kaset ɗinsa da na'urori irin GB Operator ko GBxCart RW, waɗanda ke kwafe har ajiyar wasan kafin batirin kaset ya mutu. Akwai kuma sababbin gem da masu sha'awa ke rubuta wa Game Boy har yau, wasu kyauta, wasu na sayarwa.

A nan ma zaɓin emuleta yana da tasiri. mGBA da SameBoy da melonDS da PPSSPP duk kyauta ne, rubutunsu a buɗe yake kowa ya duba, kuma kowace tana da shafinta. Tsofaffin da aka daina kula da su sukan yi yawo a shafukan talla, inda ake cusa musu abin da zai cuci kwamfuta. Fayil ɗin gem na Game Boy Advance ba ya wuce megabait 32, kuma sunansa da .gba yake ƙarewa. Duk wanda ya ba ka gem mai ƙarewa da .exe, kada ka buɗe.

Hukunci

A ganina masu kishin asali sun yi nasara a kan tushe, masu neman sauƙi sun yi nasara a kan yadda za a zauna a yi wasan. Ka zaɓi emuletar da ta fi bin na'urar da gaskiya cikin waɗanda kwamfutarka za ta iya ɗauka, wadda kuma har yanzu masu ita ke kula da ita, sannan ka kunna duk abin da zai sauƙaƙa maka ba tare da jin kunyar kowa ba. Ga Game Boy da Game Boy Color, SameBoy ko Gambatte ko BGB. Ga Game Boy Advance, mGBA, wadda kuma ke ɗaukar na Game Boy idan guda ɗaya kake so. Ga DS, fara da melonDS. Ga PSP, PPSSPP. Tsohuwar VisualBoyAdvance ta yi wa duniya hidima, a ajiye ta don gyararrun gem ɗin da ba sa tashi sai a kanta.

Mai karatu, duk wadda ka ɗauka, ka sauke ta daga shafin masu ita, kuma ka riƙa ajiya a cikin gem ɗin kansa, kada ka dogara da ajiyar nan-take kaɗai. Ajiyar nan-take ta emuleta ɗaya ce, wani lokaci ma ta samfuri ɗaya. Ajiyar cikin gem kuwa za ta bi ka zuwa wata emuleta, har ta koma cikin kaset na gaske idan kana da shi.